Takardar da Na Sa Cikin Hula

Ba zan taɓa mantawa da wannan yini ba, ko da Allah ya ja kwanana har na fara rikita sunayen jikokina. Na yi istigfari a kansa, na yafe wa kowa da fatar baki, amma wallahi har yau in na ratsa ta wajen masu kifi a kasuwar Haɗeja ƙarni ya buge ni, sai in ji haushi ya taso mini. Da fari ina cewa haushin Habu nake ji. Daga baya na ce haushin kaguwa ne. Sai da gemuna ya yi fari fat sannan na yarda cewa wanda nake jin haushi shi ne mai riƙe da alƙalamin nan.

A zamanin Nasara ne. Ni ne magatakardan hakimin garinmu, wani gari a bakin fadama wanda ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu akwai sauran masu dariya a cikinsa. Shekara shida ina zaune kan buzu a daman hakimi, ina rubuta masa wasiƙu da ajami, rubutu mai kyau kamar an jera tsaba. Kwatsam sai aka turo mana Habu daga makarantar boko, da fensir a maƙale a kunne, yana rubutu daga hagu kamar mai tafiya da baya. Hakimi ya dube ni, ya dube shi, ya ce shi dai buzu ɗaya gare shi a gefen dama, zai duba ya ga wanda ya fi amfani. Tun daga ranar ko sallama Habu ya yi mini sai in ji kamar zagi ne.

Ana nan, ruwa ya cika fadama bayan damina, sai saƙo ya zo cewa Di'o, Baturen mulkin yankinmu, zai zo rangadi ya sauka a bariki. Kukunsa kuma ya aiko a tanadi ɗanyen kifi, in da hali giwan ruwa, da kuma kaguwa masu rai. Fadawa suka yi ta dariya, wai wane ne ke cin kaguwa in ba Nasara ba. Hakimi bai yi dariya ba, don sansanin masunta tafiyar rabin yini ce a kwale-kwale, ga rana irin ta kaka da ke dafa ƙwai. Habu ya gyara fensir ya ce, "Ranka ya daɗe, a sayo banda kawai, ni zan yi wa Bature bayani da Turanci."

Kalmar nan ta "da Turanci" ita ta kashe ni. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Allah ya ja zamaninka, ni zan kawo su da ransu."

"Kai, Malam? Ka san ruwa?" in ji hakimi.

"Na san wani tsohon masunci can," in ji ni, ina kallon ƙasa.

(Ka ji fa, mai karatu: "wani tsohon masunci". Wannan tsoho kuwa Kawu Gaji ne, yayan mahaifiyata, uwa ɗaya uba ɗaya. A cikin kwale-kwalensa na koyi tuƙi ina yaro. Amma tun da na fara naɗa rawani na daina faɗin cewa uwata 'yar masunta ce, sai in ce daga gabas take. Allah ya yafe mini, ita ma ta yafe mini inda take kwance.)

Na bi wasu masu shinkafa na isa sansanin ana gobe Di'o zai sauka. Kawu bai tambaye ni shekarun da na yi ban zo ba. Ya dai dubi rigata ya ce, "Lale da Malam Alƙalami. Yunwa ce ta kawo ka, ko Nasara?" Da na faɗa masa, ya ce zai samo, kuma shi da kansa zai tuƙa ni har gari. Na ce a'a. Ya sake cewa zai kai ni, na sake cewa a'a, ya ba ni aron ƙaramin kwale-kwale na mutum ɗaya kawai. A raina ina cewa, in Kawu ya tsaya gaban hakimi da warkinsa da ƙarninsa, yabo nasa ne, tonon asiri nawa.

Da gari ya waye, bayan mun idar da salla, ya kai ni bakin ruwa. Giwan ruwa ne guda, tsawonsa ya kai daga ƙasa zuwa ƙuguna, an zura masa igiya ta baki ta fita ta kunne, yana shawagi a gefen kwale-kwale lafiya lau. Ga tarwaɗa huɗu cikin gora da ɗan ruwa. Ga kwando rufe, cike da jiƙaƙƙiyar ciyawar burugu, kaguwa na ta ƙwas-ƙwas a ciki.

"To, saurara," in ji Kawu.

Ni kuwa sai na zauna kan tushen itace, na ciro takarda da kurtun tawada, na fiƙe alƙalami. Nufina in na isa in karanta wa hakimi sirrin masunta daga ajamina, Habu ya ji.

"Wannan babban ba a gaggawa da shi. Ka bar shi a gefen da inuwar kwale-kwale take. Ka ga bakinsa? Ɗan nan, ɗago kai ka duba."

"Faɗi dai, Kawu, ina rubutawa."

"Abin dubawa ne, ba na faɗi ba. Ka ga yadda yake buɗewa yana rufewa? Da shi za ka auna tuƙinka."

"Na rubuta."

"Me ka rubuta, alhali ba ka gani ba?"

Ban ɗago ba. Ya ci gaba da bayani a kan gora da ruwan cikinta, da kwando da ciyawarsa, da abin da za a yi in Allah ya sa babban ya mutu a hanya. Maganarsa na shiga ta kunnena tana fita ta bakin alƙalami, ba ta ko yada zango a tsakani. Duk wanda ya taɓa yin aikin magatakarda ya san wannan ciwo: sai ka rubuta wasiƙa sukutum, a tambaye ka me ke ciki ka ce bari in duba. Da na cika shafi na hura masa iska, na ninke, na duba inda ruwa ba zai kai ba a cikin kwale-kwale. Aljihu yana kusa da ruwa. Gafaka tana ƙasa. Sai na cire hula na sa takardar a ciki na mayar bisa kai, ina jin daɗin wayona.

Kawu ya ce, "Tawadar nan taka ba irin wadda kuke wankewa a allo a sha ba ce?"

"Ita ce."

"To," in ji shi. Bai ƙara ba. (Wannan "to" ɗin har yau ina jin haushinta. Ya gani sarai! Amma gaskiya, da ya faɗa ma, da rubutawa zan yi.)

Na kama hanya. Da fari abin gwanin daɗi, ruwa shimfiɗe har iyakar gani, shinkafa ta sunkuyar da kai dama da hagu, ina tuƙi ina tasbihi. Hantsi na ɗagawa rana ta buɗe. Gumi ya fara bin ƙeyata, ina sharewa da hannu ina shafa fuska. Can sai na ji wani irin sauti daga kwando, kamar tukunya ta fara tafasa. Na ɗaga murfi. Kaguwa duk sun yi kumfa a baki, fari fat, suna ta tsartuwa.

Na mayar da murfi. Na ce bari in ga abin da Kawu ya ce. Na cire hula, na warware takarda. Inna lillahi! Babu harafi ɗaya da ya tsira. Shafin ya koma baƙi ƙirin, ya jiƙe jagab, kamar tsumman goge tukunya. Na juya shi sama, na juya shi ƙasa, na ɗaga shi ga rana. Na matsa ƙwaƙwalwata ko zan tuna, abin da ya fito kawai shi ne "ɗan nan, ɗago kai ka duba".

Maimakon in juya, tafiyar da ba ta fi sa'a ɗaya ba, in ce Kawu maimaita mini, sai na fusata. Na ce ni da na karanta littattafan fiƙihu, ƙwaron ruwa ne zai gagare ni? Sai na yi ƙiyasi irin na malamai: kaguwa halittar ruwa ce, halittar ruwa in ta rabu da ruwa wahala take sha, kumfar nan alamar ƙishirwa ce, ga kuma ruwa a gora. Hujja ta cika. Na kifar da kwando gaba ɗaya cikin gora, kan tarwaɗa, na toshe bakin da rawanina don kada su fito. Ciyawar kuwa na watsar a ruwa.

(Daga baya na san cewa kumfar nan numfashinsu ne, lafiyarsu ƙalau. Kaguwa a jiƙaƙƙiyar ciyawa cikin inuwa sai ta kwana ta yini. Abin da ke kashe ta shi ne a tsare ta cikin ɗan ruwan da ba ya gudu. Ko jaririn masunta ya san haka.)

Ɓata lokacin nan ya sa na ga rana ta yi sama. Sai zuciya ta fara zana mini Habu zaune kan buzuna yana murmushi, hakimi na tambaya ina Malam. Na danna tuƙi da ƙarfi, ina yi ina faɗa da Habu a raina, ina ba shi amsoshin da ban taɓa samun ba shi a fili ba. Na kayar da shi a muhawara sau uku. Ina cikin ta huɗu na waiga, sai na ga farin ciki a kan ruwa. Giwan ruwa ya juya rigingine, baki a wangame, igiya na jan sa kamar gungume. Ashe kifi ma in aka ja shi da gudu numfashi gagararsa yake yi. A cikin ruwa na shaƙe kifi, ni ɗin nan.

Na tsaya na girgiza shi. Na yayyafa masa ruwa, alhali a ruwa yake. Na ce masa, "Haba bawan Allah, yanzu fa muka kusa." Shiru. Can wani ɓangare na kaina ya tuna kamar Kawu ya ce a farke ciki nan take a cire kayan ciki da kunnuwa, a cusa ɗanyar ciyawa. Amma in na farke shi, kowa zai san a hanya ya mutu. Sai na ce gara in kai shi sukutum, in ce yanzun nan a bakin mashigi ya cika. Na ciccibo shi cikin kwale-kwale da ƙyar, na tuɓe babbar rigata baƙa na lulluɓe shi, wai ina yi masa inuwa. Ka ga ƙarya ta shigo cikin lamarin ke nan, kuma daga nan babu abin da ya sake daidaita.

Na ɓata hanya cikin rassan ruwa, na shiga wani da ya ƙare a gonar shinkafa, mai gonar ya zage ni, na rama. Azahar ta yi, na hau wani tudu na yi salla, na bar kwale-kwale a tsakar rana. Da na dawo na taɓa gora na ji ta yi ɗumi kamar ruwan wankan mai jego. Na kasa kunne, ba motsi sosai. Na ce sun sami natsuwa. Ƙudaje kuwa sun fara yi mini rakiya, irin manyan nan masu koren baya, amma hancina ya riga ya saba, ban ji komai ba.

Bayan la'asar na iso mashigin garinmu, daura da bariki. Jama'a cike. Hakimi na zaune kan kujera, fadawa kewaye da shi, Habu a tsaye da fensirinsa. Di'o yana can barandar bariki yana shan lofe. Kukun, wani mutumin kudu mai farin bante a gaba, wanda ya iya Hausa fiye da yadda na zata, ya sauko da babbar tasa.

Na fito daga kwale-kwale daga ni sai 'yar shara, babu riga babu rawani. Na ga mutane na kallona suna rufe baki, mata masu ɗibar ruwa suna taɓa juna. Wallahi na ɗauka mamakin bajintata suke yi. Na durƙusa na ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Allah ya ja zamaninka, alkawari ya cika."

Hakimi ya daɗe yana duban fuskata. Ya ce, "Malam, gobara aka yi a ruwan?"

Ban gane ba. Na yaye riga daga kan giwan ruwa. Waɗanda ke gaba suka ja da baya taki biyu. Kuku ya tsuguna, ya danna babban yatsa a gadon bayan kifin, wurin ya lotsa bai taso ba. Ya ɗaga kunnen ya leƙa, ya dubi idon da ya yi fari.

"Yanzun nan ya cika," in ji ni. "A bakin mashigi."

"Malam, ji tsoron Allah," in ji kuku. "Wannan tun hantsi ya rasu. Da mutum ne da an dawo daga jana'iza."

Dariya ta ɓarke. Na ce to ai ga kaguwa. Na zare rawani daga bakin gora. Warin da ya fito, ban taɓa jin irinsa ba kafin nan ko bayan nan. Wani bafade ya ce "A'uzu billahi" ya toshe hanci da hannun riga. Kuku ya ce a kifar. Na ce ba za a kifar ba, suna da rai, barci suke. Don in tabbatar, na zura hannu har gwiwa cikin gora.

A cikin kaguwar nan duka, guda ɗaya ce Allah ya bar wa rai. Kuma ta yini tana jira na.

Ta damƙi yatsana na tsakiya, wanda alƙalami ke kwanciya a kansa. Na yi ƙara, na zaro hannu tana reto, na yi tsalle, na yi ta yarfi, bakina kuma ya saki wata kalma da ban san na iya ta ba, kalmar da ko 'yan dako sai sun waiga kafin su faɗa. A gaban hakimi. A gaban mata. A gaban mutanen da nake ja wa salla in liman ya yi tafiya. Gora ta kife, ga matattun kaguwa, ga tarwaɗa duk an yayyage musu gashin baki da fata. Di'o ya tashi tsaye a baranda don ya ga da kyau.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Habu bai yi dariya ba. Da ya yi, da na sami abin riƙewa. Shi ne ma ya zo ya ɓamɓare kaguwar da fensirinsa, ya ce a hankali, "Malam, leƙa ruwa ka ga fuskarka." Na leƙa. Tawada ta zubo daga ƙarƙashin hula, ta bi goshi da kumatu har gemu, ga shatin yatsuna inda na yi ta shafawa. Alwalar azahar ma ba ta fitar ba, don da na mayar da hula sai sabuwa ta sake gangarowa. Na yi kama da gindin tukunya mai idanu.

Hakimi ba ya dariya. Fuskarsa ta ɗaure, don abin kunyar nasa ne, baƙo na sama yana kallo, ba abin da za a dafa masa. Ya buɗe baki zai yi magana ke nan sai aka ji sallama daga ruwa.

Kawu Gaji ne, a tsaye cikin kwale-kwalensa, yana tuƙi sannu sannu kamar wanda ba ya da inda za shi. Ashe tun safe yana bayana, nesa kaɗan. Ya ɗaure kwale-kwale, ya jawo igiya, sai ga wani giwan ruwa, bai kai nawa girma ba, amma yana bugun ruwa da jela har ya jiƙa kuku. Ya miƙa kwando, aka buɗe, kaguwa na ta kumfa cikin ciyawa suna neman hanyar fita. Kuku ya yi ta murna yana sa masa albarka.

Hakimi ya sauke numfashi. Ya ce, "Sannu, Baba. Kai ne tsohon masuncin da Malam ya ce ya sani?"

Kawu ya dube ni. Na dubi ƙasa, ina roƙon ta ta tsage.

"Haka ya ce? To ai bai yi ƙarya ba, ranka ya daɗe, ya san ni. Ɗan ƙanwata ne, a bukkata aka yanke masa cibiya. Kuma kada a ga laifinsa, duk abin da na faɗa masa yana tare da shi, ko harafi bai yar ba." Ya nuna goshina. "Ga shi nan duka a kansa. Ciki ne dai bai samu shiga ba."

Wannan karon har hakimi sai da ya kau da kai, kafaɗunsa na girgiza don dariya. Da ya natsu ya ce, "Habu, gobe ka zauna a dama." Sannan ya ce da ni, ba tare da tsawa ba, wanda ya fi tsawa ciwo, "Malam, kifi ya mutu, wannan ikon Allah ne. Amma ka ce yanzu ya mutu, kuma ka ce kawunka wani tsoho ne. Mai rubuta mini wasiƙa, abin da na faɗa nake so ya rubuta. Tashi ka mayar wa kawunka kwale-kwalensa."

Haka na rasa buzuna. Na yi wata uku a sansanin masunta don ba ni da fuskar shiga gari, yatsa a kumbure, ko alif ba na iya ja. Na yi fushi da Kawu kwana bakwai ba na yi masa magana sai gaisuwa. Na ce da gangan ya bar ni na kunyata, tun da yana gani na watsar da ciyawa. Ya ce, "Na ga burugu na yawo a ruwa, na san an gama. Da na yi kira, da ka ce in faɗa kana rubutawa." A rana ta takwas ya zura wa wata tarwaɗa igiya ya ce, "Ɗan nan, ɗago kai ka duba." Na ɗago.

Yanzu ina koyar da karatu a zaurena, kuma ban fasa ganin rubutun Habu a karkace yake ba, ko da yake shi ne ya fara zuwa gaishe ni da Kawu ya rasu. Abin da na koya bai fi a faɗa a numfashi ɗaya ba: in mai sana'a ya ce duba, sai in maƙale alƙalami a kunne in duba, rubutu ya jira. In an tambaye ni asalin uwata, ina cewa 'yar masunta ce tun kafin mai tambaya ya rufe baki. Hulata kuma tun daga ranar ba ta sake ɗaukar komai ba sai kaina, shi ma don ba yadda za ta yi ne.

Kaguwa dai, malamai sun ce halal ce, ban musa ba. Amma ni da ita sai a gaban Allah.